Kafin Ki Sayo Botar Cincin

Aminiyata,

Ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Saƙonki ya iso cewa an sa ranar bikin autarku bayan sallah, Allah ya sanya alheri, ya nuna mana lokacin. To na san yanzu kin duƙufa lissafin kayan gara, fulawa da sukari da bota, kuma a kan botar nan ne na ce bari in rubuto miki tun ba ki aika kasuwa ba.

Kin san wadda ake yankowa daga babban kwali a ƙulla miki a leda, ko ana tsananin zafi tana nan daskare, in kin ci cincin ɗinta kuma sai maiƙo ya liƙe miki a ganɗa? Wata daga man kwakwar manja ake yin ta, wata kuwa man waken soya ne ko na angurya aka ɗumama a masana'anta, aka hura masa iskar haidurojin har ya yi kauri. Wani Bajamushe, Wilhelm Normann, ya yi wa dabarar rajista a 1902, a 1911 kuma aka fito da irin wannan daskararren mai da ake kira Crisco a Amurka daga man angurya. Masu gashi suka rungume shi, don ga arha, ga shi biskit sai ya yi wata da watanni a kanti yana nan garas-garas.

To inda gizo ke saƙar, in ba a kai daskarewar ƙarshe ba, sai a samu wani kitse da likitoci ke kira tirans, wanda ke ƙara mugun kitsen jini, ya kuma rage mai amfanin da ke share jijiyoyi, har a wayi gari da ciwon zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada wanda babba ke ci a yini ya wuce kamar giram 2, kuma a 2018 ta nemi a kawar da wanda ake samarwa a masana'anta daga abinci gaba ɗaya. Denmark ce ta fara taka masa birki tun 2003, mu ma NAFDAC ta kafa doka cewa kada ya haura giram 2 a cikin giram 100 na mai. Sai dai ledar kasuwa ba ta da rubutu, balle ki san wacce aka ƙulla miki, kuma wannan ne ya fi damuna.

Ba a bota kaɗai yake ɓuya ba, ana samunsa a biskit mai kirim ɗin nan da yara ke tafiya da shi makaranta, da kek na leda, da donot, da gugguru na fakiti, da farin garin da ake zuba wa kofi. Man suyar da aka yi ta maimaitawa har ya yi baƙi yana kumfa ma yakan tara kaɗan, shi ya sa nake leƙa kaskon mai ƙosai kafin in miƙa kwanona, ko da za ta harare ni.

Ki sayi mai suna da lambar NAFDAC, ki sa jikarki 'yar boko ta karanta miki bayan robar, in ta ga an rubuta "partially hydrogenated" ki ajiye musu abinsu. Dubulan da alkaki kuwa ai da man gyaɗa muka taso muka ga ana yi, da ɗan man shanu don ƙamshi, kuma dangin ango ba su taɓa mayar da su ba.

Ki turo min hoton ankon da wuri, kin san telana da alkawari. A gaishe min da Inna da kyau, a ce mata ina nan tafe da zumar da ta ce.

Taki har kullum,
Aminiyarki