Kwakwa a Ƙetaren Gada

Wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, zai fara cin karo da tashar jirgin ƙasa da kasuwar 'ya'yan itace da ke gefenta. Daga nan sai Kakuri, da Barnawa, da Narayi, har Sabon Tasha. A kasuwar tasha za ka ga kwakwa tsibi tsibi, alhali itacenta na bakin teku ne, wajen Badagiri ta Jihar Legas.

Kakuri unguwar masaƙu ce a dā. An buɗe babbar masaƙar Kaduna a 1957, ta tsaya a 2002, wadda ake kira UNTL kuma ta rufe a 2007. Da jiniya ta daina bugawa, gidaje da yawa suka koma dogara ga abin da uwargida ta soya ko ta gasa. Shi ya sa cincin da kwakumeti ba su yankewa a bakin makarantu.

A wani gida a Narayi, bayan taron zumuntar mata, aka ba mu wani ɗan kek da ba mu taɓa gani a kasuwar Kakuri ba. Bayansa ɓawo ne na fulawa mai ƙaras ƙaras, cikinsa kuwa ƙwai da madara da kwakwa, da taushi. Asalinsa daga Fotugal ne. A Belem, gefen birnin Lizbon, an ce masu zaman zuhudu kan sa wa tufafinsu sitaci da farin ƙwai, gwaiduwa ta yi ta raguwa, sai suka riƙa yin kek da ita. Gwamnati ta rufe gidajen zuhudu a 1834, a 1837 kuma aka buɗe kanti kusa da wurin ana sayar da kek ɗin, yana nan har yau. Na Belem ba shi da kwakwa. Mai kwakwa ɗan'uwansa ne, kuma a ganinmu ya fi dacewa da bakinmu.

Uwargidan ba ta da tanderu. Tukunya ce babba da yashin kogi a gindinta, da gwangwanayen alala waɗanda aka daddake bakinsu don kada su yanki hannu. Ta murza fulawa kofi 2 da bota da ruwan sanyi kaɗan, ta shimfiɗa siriri cikin kowane gwangwani. Sa'an nan ta kaɗa ƙwai 3 da madara gwangwani ɗaya da sukari rabin kofi, ta zuba gogaggiyar kwakwa rabi. Ba a cika gwangwani, gama ƙwai yakan taso. Wannan awo yakan ba da kamar 12.

Wahalar duka a wurin wuta take. Fulawa tana son zafi ƙwarai don ta gasu, ƙwai kuwa in ya daɗe a wuta sai ya tsinke ya yi ruwa. Saboda haka sai yashi ya yi zafi tukuna kafin a jera gwangwanaye, a kuma ɗora garwashi bisa murfi domin saman ya yi ja. In ba garwashin nan, gindi ya ƙone, sama yana fari. Bayan minti 20 ta soka tsinke, ta sauke tun tsakiya tana ɗan rawa. Yara suna tsaye a bakin ƙofa, amma ba a taɓa murfi kafin lokaci, gama ƙwai 3 da madara ba abin wasa ba ne a gidan da ba albashi.

Mun tambaya ko za ta kai shi bakin makaranta. Ta ce cincin yana yin mako biyu a cikin kwalba, wannan kuwa da zafin watan Maris ba ya kwana. Sai dai in an yi mata magana tun da wuri, don biki ko Kirsimeti.