Ranar da Aka Zauna Yi wa Ummita Lissafi

A watan Janairun 2023 ne Geng Quanrong, ɗan ƙasar Chana da aka tuhuma da kisan Ummukulsum Sani Buhari, wadda duk Kano ta sani da Ummita, ya tsaya gaban Babbar Kotun Jihar Kano domin kare kansa. Ya yi bayani mai tsawo, amma abu ɗaya ne ya fito daga kotun ya karaɗe gari: wai ya kashe mata kuɗi kimanin naira miliyan 60 a zaman soyayyarsu.

Kafin wannan rana bakin jama'a ɗaya ne. Tun daren 16 ga Satumba 2022, da aka caccaka mata wuƙa a gidan iyayenta a unguwar Janbulo, babu abin da ake ji sai Allah wadai da addu'a. Adadin nan na fita sai murya ta sauya. A cikin adaidaita sahu, a gidan biki, a majalisar bakin titi, a Facebook, magana ɗaya ake juyawa: "Ba mu ce ya kyauta ba, amma ita ma..." Wasu su ƙarasa da cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wasu kuma su ce me ma ya kai ta soyayya da baƙo. Har mata 'yan'uwana na ji suna faɗi, suna tafa hannu.

Wannan "amma" ta dake ni a wurin da na daɗe ina ɓoyewa, shi ya sa na ga gara in faɗi nawa.

Kafin in yi aure, wani ɗan kasuwa da ya girme ni sosai ya nemi aurena. Ba ya zuwa zance hannu rabbana. Yau atamfa, gobe turare, ga kuɗin toshi, ga kayan shan ruwa da azumi, ga kayan Sallah, daga baya har waya. Ban taɓa roƙonsa ba, ban kuma taɓa mayar masa ba, domin a gidanmu mayar da kyautar mai neman aure cin fuska ne. Sannu a hankali halinsa ya fara fitowa. Sai ya karɓi wayar ya bi lambobin ciki ɗaya bayan ɗaya yana tambayata wane ne wannan. Ranar da na je sunan 'yar ƙawata ban gaya masa ba, a zaurenmu ya fizge wayar ya maka ta da bango. Da daren na samu Baba na ce na fasa.

Baba ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Uwata, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Ya ce to in tattaro duk abin da mutumin ya taɓa ba ni, abin da aka riga aka ci kuma a yi masa kuɗi. Aka zauna a ƙofar gidan mai unguwa. Ba na manta abin da ɗan kasuwar ya zaro daga aljihun babbar rigarsa: ƙaramin littafi irin na 'yan firamare, an bi shi da jan biro layi-layi, da kwanan wata a gefe. Ashe tun ranar farko yake rubutawa. Har katin waya, har tsiren da ya taɓa kawo wa ƙannena suna ciki. Baba bai yi musun ko layi ɗaya ba. Ya sayar da ragunan da yake kiwo, Inna ta haɗa da kuɗin adashinta, aka biya shi tsaf a gaban shaidu.

Na ɗauka magana ta ƙare. Sai ga motarsa tana tsayawa a bakin layinmu bayan isha'i, fitila a kashe. Sai kira da baƙuwar lamba, idan na ɗauka in ji muryarsa yana cewa in bai same ni ba babu mai samuna. Na jima ban gaya wa kowa ba, saboda na san abin da gari ke faɗi a kaina, cewa na cinye wa bawan Allah dukiya na yaudare shi, kuma ina jin nauyin in ƙara ɗora wa Baba wani tashin hankali. Ranar da ƙanena ya gan shi a tsaye a bayan katangarmu, washegari da asuba aka sa ni a mota zuwa gidan goggona a wani gari. Can na zauna har Allah ya kawo mijina.

A wannan zama ne na gane cewa mutumin nan ba kuɗinsa yake bi ba, tunda an biya shi har kwabo. A ransa ya riga ya saye ni, littafin nan kuwa rasit ne. Na kuma gane cewa labarin wanda ya fara kai ƙara majalisa shi ne yake zama a bakin mutane. Ina raye, ina da baki, ga mai unguwa shaida, duk da haka har yau akwai masu cewa na ci kuɗin mutum. To ina ga wadda take kwance a kabari?

Ban ce kada wanda ake tuhuma ya yi magana ba. Haƙƙinsa ne, kuma shari'ar da ba a saurari mai kare kansa ba zalunci ce. Sai dai mu san maganar wa muke ji: ta mutumin da wuyansa ke kan igiya, yana ba da labarin mutum biyu alhali ɗayan ba za ta tashi ta ce a'a ba. Geng ya gaya wa kotu cewa ya je gidan su Ummita ne ɗaukar karensa, cewa ita ta fara kai masa hari, cewa kare kansa ya yi. Kotu ba ta tsaya a nan ba. Ta saurari mahaifiyar marigayiyar da 'yar'uwarta, lauyoyin gwamnati suka yi masa tambayoyin ƙwaƙƙwafi, aka auna maganarsa da sauran hujjoji. Ranar 26 ga Maris 2024 Mai Shari'a Sanusi Ado Ma'aji ya ƙi karɓar hujjar kare kai, ya same shi da laifin kisa a ƙarƙashin sashe na 221 na dokar Penal Code, ya yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya. Kusan shekara ɗaya da rabi kotu ta ɗauka kafin ta kai ga wannan. Mu kuwa kanun labari ɗaya muka karanta a waya muka yanke wa mamaciya namu hukuncin.

Mu ƙaddara ma miliyan 60 ɗin gaskiya ce, ba ragi. Dukiya tana da hanyar da ake bi a nemo ta. Kotunan shari'ar Musulunci a Kano suna sauraron ƙarar kayan neman aure, Hisbah tana zaunar da mutane ta yi sulhu, ga masu unguwanni da dagatai. Ko aure aka ɗaura, addini ya buɗe wa mace ƙofar khul'i, ta mayar da sadaki ta fita. Babu inda Musulunci, ko al'adarmu, ko dokar ƙasa ta ce a biya bashi da jini. Duk wanda ya jera kuɗi kusa da gawa yana aunawa, ya riga ya yarda cewa ran 'ya mace yana da farashi, ko da bakinsa bai furta ba.

Maganar karɓar kyautar samari magana ce ta gaskiya, kuma ina yin ta da 'ya'yana a ɗaki, ina gaya musu hannun da ya cika bayarwa a lura da shi. Amma a ɗaki ake yin ta, da mai rai, tun kafin abu ya lalace. Idan aka yi ta a kan kabari, mutum biyu ne suke saurare. Yarinyar da ake yi wa barazana yanzu haka za ta ƙara yin shiru, don ta ga abin da za a ce ko bayan ranta. Saurayin da ke da nasa littafin a aljihu kuma zai ji cewa in ya aikata, akwai masu nema masa uzuri.

Iyaye, ku nake roƙo. Ranar da 'yarku ta ce tana tsoron wanda ke nemanta, kada tambayar farko ta zama me ta ci nasa. Ku fara kawar da ita daga inda hannunsa zai kai, ku sanar da mai unguwa, ku kai rahoto ofishin 'yan sanda tun barazanar tana baki, lissafin kaya ya biyo baya. Allah ya jiƙan Ummita, ya ba mahaifiyarta haƙuri.