Layi da sunan maigida

A 2008 ina aikin lambu a Tit, ƙauyen da ke kimanin kilomita 40 arewa da Tamanrasat, a gefen babban titin da ya gangaro daga In Salah. Nan ne sojan Faransa suka gwabza da Buzayen Ahaggar a 1902, amma mu 'yan ci-rani daga Maraɗi da Damagaram ban-ruwa da cirar ciyawa suka kai mu. Waya ɗaya muke da ita mu duka, tsohuwar Nokia da aka ɗaure da roba. Layin cikinta a tebur aka saye shi a kasuwar Tamanrasat, ba wanda ya tambayi sunan kowa. Da la'asar mukan hau wani tudu kusa da titi, inda sabis ya fi kamawa, a yi wa gida fulashin, a zauna jiran kira.

Sai saƙo ya fara shigowa da Larabci da Faransanci, wai mai layi ya kai katin shaidarsa ofis, in ba haka ba a rufe. Bayan bama-baman da suka tashi a birnin Aljiyas a watan Afrilu da Disamba na 2007, hukumar ARPT mai kula da sadarwa ta umarci kamfanonin waya Mobilis da Djezzy da Nedjma su san mai kowane layi. A bakin hukuma magana ce ta tsaro. Mu kuwa hankalinmu ya tashi, domin akasarinmu ta Asamaka muka shigo ba tare da takardar da za a iya ajiyewa a gaban ma'aikaci ba.

Maigidanmu, wani dattijon Buzu mai jin Hausa kamar a Agadas aka haife shi, ya karɓi wayar ya tafi birni, ya dawo da layi da sunansa. Da dare ya tara mu wajen shayi. "'Ya'yana, daga yau duk wanda ya kira da wannan waya, ni ne na kira. In an zagi wani, ni na zaga. Jandarmomi ba su san ku ba, ƙofata za su ƙwanƙwasa." Ya kafa sharuɗɗa: ba a ba baƙon hanya aro, kuma ba a ɓoye lamba.

Sharaɗi na biyun ne ya jawo gardama. Akwai wani yaro a cikinmu da ya koyo danna #31# kafin lamba, sai kira ya fita ba tare da lambar ta bayyana ba. Da haka yake kiran wani da ya ci masa bashi a Arlit, wanda da ya ga +213 ta Aljeriya sai ya ƙi ɗauka. Yaron ya ce, "Baba, ai in na ɓoye ba mai sanin layinka ne." Dattijon ya yi dariya har ya gyara rawani, ya ce wanda aka kira kaɗai aka rufe wa ido. Gaskiyarsa ce. Lambar tana bin kiran har ƙarshe, alama kawai ake maƙala mata cewa kada a nuna wa mai ɗauka. Kamfani yana da ita a rubuce, da lokacin kira, da eriyar da wayar ta kama, kuma in shari'a ta nema za a ba ta.

Ni dai a raina ina bayan yaron. Kuɗin guminsa ne, kuma ɓoye lamba ba laifi ba ne, kamfanonin da kansu suka tanadi hanyar. Sai dai layin ba namu ba ne. Muna magana da iyayenmu da matanmu, ana rubuta wa wani.

A 2018 Aljeriya ta yi doka mai lamba 18-07 don kare bayanan mutane, wadda ta ba mutum damar sanin abin da aka ajiye a kansa, ya kuma nemi a gyara. Da na ji labarinta na riga na koma Maraɗi, na yi rajistar layi da sunana. Yaron nan bai taɓa karɓar kuɗinsa ba. Tun muna Tit maigida ya kira mutumin Arlit da kansa, lamba a buɗe, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, mutumin ya yi ta rantsuwa zai aiko bayan salla, washegari ya sauya layi.