Me Ka Taɓa A Ƙarshe?

Jama'a, duk wanda ya kai shekarar rubuta kundin digiri ya san akwai lokacin da ɗalibi ya gwammace shi ya kwanta ciwo da a ce kwamfutarsa ce ta kwanta. To, ni tawa ta kwanta a hutun hunturun da ya wuce, a ƙauyenmu da ke ƙasar Bunkure, kuma ba wani ya jawo mini ba, ni na jawo wa kaina da hannuna.

Bari in fara da abin da ke cikinta, don a san dalilin da ya hana ni barci. Kundina a kan kalmomin noman rani ne a Kura da Bunkure. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake gangarowa da kansa ta babbar hanyar da aka gina masa, ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya isa gonakin shinkafa da alkama da tumatir na Kadawa da Kura da wajenmu. Kafin haka kuwa, mai son lambu sai ya tafi bakin rafi ya kafa jigo, ya wuni yana jan guga yana cika fangali ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yi wannan aiki da hannunsu sun tsufa, kalmominsu kuma suna bin su kabari. Na yi wata biyu ina bin dattawa gida gida da waya a hannu, na ɗauki muryar mutum 23. Wasu kalmomin na same su a ƙamus ɗin Bargery na 1934, wasu kuwa ban same su ko'ina ba sai a bakinsu. Cikin dattawan nan har da wan kakata, wanda Allah ya yi wa rasuwa bayan damina. Da wayata ta cika, sai na kwashe muryoyin duka na zuba a kwamfuta, na goge na wayar. Watau dai ban da kwafi ko ɗaya a wani wuri.

Ita kwamfutar ta hannu ce, Baffana ya saya mini da kuɗin shinkafa. Ta riga ta yi nauyi, ga kuma ƙwayar cutar da na kwaso a shagunan buga takardu. Wani abokina a ɗakin kwanan ɗalibai ya zuba mini Windows 10 a filashi, ya ce in sake ɗora mata babbar manhajar gaba ɗaya, abu ne mai sauƙi. Ya ja mini kunne da abu guda: rumbun ajiyarta kashi biyu ne, C da D, aikina yana D, saboda haka C kaɗai zan share.

Ran nan na kai ta wurin mai caji da hasken rana ta cika, bayan lisha na zauna a ɗaki na kama aiki. Na share C, manhaja ta shiga, lissafi ya kai ɗari bisa ɗari, kwamfuta ta kashe kanta ta sake tashi. Sai na ga ta komo da ni shafin farko, wai in fara ɗora manhaja daga tushe. Ashe filashin ne na bari a jiki, ita kuwa an gaya mata ta fara duba filashi kafin rumbu. Da zare shi kurum na yi na sake kunnawa, da ba a sami wannan labari ba. Amma ina! Rashin sani ya fi dare duhu. Na danna F2 na shiga shuɗin shafin nan da ake kira Bayos, na yi ta 'yan danne-danne, sa'an nan na zare filashi na kunna.

Baƙin allo. Sai layi ɗaya na Turanci a sama, ma'anarsa wai ba ta ga inda za ta tashi daga gare shi ba.

Na kashe na kunna ya fi sau goma. Na cire batir, na danne maɓallin kunnawa na rabin minti kamar yadda na taɓa gani ana yi, na mai da. Na jijjiga ta, na hure ƙurar hunturu daga jikinta, har addu'a na tofa mata, kada mai karatu ya yi dariya. Layin nan dai bai gusa ba. Da na gaji sai na mai da filashi, na ce bari in sake ɗorawa. Nan kuma sai ta zo da sabon zance: wai ba za a iya ɗora manhajar a wannan rumbu ba, domin tsarinsa MBR ne, ita kuwa GPT take bukata. Rumbun da ta karɓa awa guda da ta wuce!

Na fita bayan gida inda waya ke ɗan kama intanet, na bincika. Maganin da na fi cin karo da shi shi ne a buɗe wani baƙin shafi, a rubuta umurni, a wanke rumbun a sake masa tsari. Na komo na buɗe shafin, na zaɓi rumbu, na rubuta kalmar wankewar harafi biyar. Saura in danna. Abin da ya tsai da ni ba ilimi ba ne, na rantse, batir ne ya nuna ya kusa ƙarewa, na ji tsoron kada ta mutu ana tsakiyar aiki. Sai daga baya na gane cewa wannan umurni bai san C ko D ba, duk rumbun yake ɗauke wa tsari. Har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Da asuba na bi Baffa gona, ido ya yi ja. Yana da wata gona a gefe, inda ruwan hanya ba ya hawa sai da injin ban ruwa. Ya dube ni ya ce, "Kai, lafiya? Ko akwatin naka ne?" Na ce, "Shi ne, Baffa, ya mutu." Ya ce, "Yana kawo wuta?" Na ce yana kawowa, har rubutu yana yi. Ya ce, "To, mai rubutu ai bai mutu ba." Ya ci gaba da jan tiyo, can ya ce, "Ni in injin nan ya ƙi jan ruwa, ba na kwance shi. Yaran nan nake tambaya wa ya taɓa shi jiya, me kuma ya taɓa. Kai me ka taɓa a ƙarshe?"

Baffa bai taɓa danna kwamfuta ba, amma tambayar nan ta bi ni har gida. Na zauna na jera abin da na yi daki daki, sai na tuna cikin danne-dannen nan na danna F9, aka tambaye ni ko in mai da kome yadda ya fito daga kamfani, na ce i. A lokacin gani nake gyara na yi.

Ban sake yarda da kaina ba. Na hau babur zuwa Kura, na sami wani matashi mai gyaran waya da kwamfuta a bakin titin Zariya. Na fara zuba masa bayani, ya ce, "Dakata, Malam. Akwai abin da kake so a ciki?" Na ce rayuwata ce a ciki. Bai kunna ta ba ma. Ya kwance bayanta, ya zaro rumbun, ya sa shi a wani ɗan gida mai waya, ya haɗa da tasa kwamfutar. Sai ga D, sai ga muryoyina 23 a jere, ba wadda ta yi ciwon kai. Na sayi sabon filashi nan take muka kwafe su. Sa'an nan ne ya ce to yanzu a yi maganar tashi.

Ga abin da ya fahimtar da ni, na kuma ƙara karantawa daga baya. In an kunna kwamfuta, ba Windows ce ke fara aiki ba. Akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a jikin allon injin, ita ce ke farkawa ta duba kayan aiki, ta nemo babbar manhaja a rumbu ta miƙa mata ragama. Hanyar nemowar iri biyu ce. Tsohuwar hanya, wadda ta samo asali tun farkon shekarun 1980, takan je farkon rumbu ta karanta ɗan gurbin nan na farko mai bayit 512, a nan aka rubuta inda manhaja take da yadda aka raba rumbu. Wannan shi ne MBR, kuma ba ya ɗaukar manyan kashi fiye da 4. Sabuwar hanya, mai suna UEFI, ba nan take dubawa ba. Wani keɓaɓɓen ɗan kashi take nema mai fayilolin tayarwa, Windows kuwa in za ta hau ta wannan hanya sai rumbu mai tsarin GPT. Kwamfutata ta iya duka biyun. Wanda ya riƙe ta kafin ni ya saita ta a tsohuwar hanya, a kanta na ɗora manhajata lafiya lau. Da na danna F9 sai ta koma sabuwa, ta je neman abin da babu shi, alhali ga manhaja nan zaune a rumbu. Shi ya sa kuma filashin, da ya tashi ta sabuwar hanya, ya ce bai yarda da rumbun ba.

Gyaran bai kai minti biyu ba. Ya mai da rumbu, ya shiga Bayos, ya kashe abin da ke hana tsohuwar hanya aiki, ya zaɓe ta, ya sa rumbu a gaban filashi, ya danna F10. Kwamfuta ta tashi ta ci gaba daga daidai inda ta tsaya daren jiya, tana tambayata ƙasa da harshe kamar ba abin da ya faru. Ya ƙara mini da cewa tsohuwar hanyar tana kan ƙarewa, don Windows 11 da ta fito a 2021 sabuwar take bukata, in na tashi canzawa in kwashe kayana tukuna. Na tambaye shi kuɗinsa, ya ce in ba da na shayi.

Wani abu da ya ba ni haushi kaɗan, na ga ya kamata in faɗa a mujallarmu: duk saƙon da injin nan ya yi ta ba ni daren nan gaskiya yake faɗa, ni ne ban ji ba. Turancin na iya karanta shi, amma ma'anar ba ta shige ni ba sai da wani ya faɗa mini da Hausa a bakin titi. Ga mu muna bin tsofaffi muna tattara sunayen sassan jigo, alhali na'urar da muke zuba su a ciki ba mu gama raɗa wa sassanta suna ba. Ni kaina "rumbu" na ce a nan don ban sami wadda ta fi ta ba, mai gyaran kuwa da sunan Turanci ya kira shi.

Da na komo gida da magariba, na tarad da Baffa a zaure. Ya ce, "Ya tashi?" Na ce ya tashi. Na buɗe D, na lalubo muryar wan kakata, inda yake bayanin yadda ake ɗaura dutse ko curin laka a gindin jigo don guga ya taso da sauƙi. Baffa ya ajiye carbinsa ya matso. Muka saurara har tsohon ya yi tarin nan nasa ya nemi a miƙo masa ruwa. Baffa ya ce, "Allah ya jiƙan Kawu. Mai da shi baya in sake ji."