Cinikin Biri a Sama: Yadda Na So Sayen Dokin Araha

Gabatarwa

A bayan ɗakin kakana, a gidanmu na Kabo, akwai wani turke na ƙirya wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Igiya ta ci wuyansa har ta yi masa zobe, amma tun da na yi wayo ban taɓa ganin an ɗaure wata dabba a jikinsa ba sai ragon layya. An ce nan ne mazaunin wani akawal da kakan namu yake hawa in za shi kasuwar Getso, ko kuwa ranar da Hakimi zai yi hawa. An kuma ce farin shekarar 1973 ne ya raba su, lokacin da hatsi ya gagari mutane balle dabba. Tun muna hawan dokin kara nake raya wa zuciyata cewa wata rana sai na mayar da doki kan turken nan. Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana yadda na kusa cika wannan buri ta hanyar wata talla da na gani a waya, da kuma abin da ya sa na janye hannuna.

Tallar da Na Gani

A cikin watan Afrilu na shekarar 2025 ne, ana tsakiyar zafin bazara, ina kwance a ɗakin kwanan ɗalibai barci ya ƙi zuwa, sai na shiga wani dandalin saye da sayarwa na intanet. Ina cikin wuce tallar babura da wayoyi sai ga hoton doki, akawal baƙi wuluk, an ɗaura masa sirdi da jalala mai aiki, ya ɗaga kai kamar mai jin tambari. A ƙarƙashin hoton an rubuta cewa ingarma ne lafiyayye, shekararsa shida, kuɗinsa naira dubu 300. Ni kuwa a lokacin ina da dubu 340 a ajiye, wato abin da na samu daga masarar da na noma a gonar gado, wanda na tanada domin rajistar shekarar ƙarshe da aikin kundin digiri.

Kafin gari ya waye na kira lambar har sau biyu. Mai dokin ya yi mini magana cikin ladabi, ya ce mutum uku suna kan layi, saboda haka in ina so in tura kafin alƙalami dubu 50 ya riƙe mini. Wallahi har na buɗe asusuna a waya, yatsana yana kan madanni, sai na tuna ban shawarci kowa ba.

Mai karatu zai iya tambaya, me ɗalibin da bai mallaki ko keke ba zai yi da doki? Amsar tana cikin tarihinmu. Littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, ana kuma kai dawaki ƙasar Kwararrafa. Tun daga wancan lokaci doki ya zama ma'aunin daraja a ƙasar Hausa, har aka yi sarautar Shamaki domin kula da bargar sarki. Harshe ma shaida ne, domin ba ya tara sunaye a kan abin da bai dami masu shi ba. Dubi launi kaɗai: akwai akawal, da kili, da hurde, da bidi, da danda, da gunya. Dubi tafiya: taƙama daban, sassarfa daban, sukuwa daban, zamiya daban. A watan Disamba na 2024 kuma hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun da duniya take alfahari da su. Wanda ya tashi cikin wannan, ya kuma zo jami'a yana nazarinsa a aji, ba abin mamaki ba ne in hoton akawal ya hana shi barci.

Shawarar Baffa

Ranar Juma'a na hau mota ta hanyar Gwarzo na tafi gida. Baffana, wato ƙanen mahaifina, ya yi fiye da shekara ashirin yana aikin barga kafin ƙafa ta zaunar da shi. Bayan sallar la'asar na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa wayar.

Na ce, "Baffa, ku duba wannan. An ce shekararsa shida, kuma kun ga kuɗin."

Ya nisanta wayar daga idonsa, ya daɗe yana kallo, sa'an nan ya ce, "Ɗana, jalala na gani, jalalar kuwa mai kyau ce. Ina dokin?"

Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce tambaya uku zai yi mini. Wa ya san mai dokin? Wa ya buɗa bakin dokin? Me zai ci in ya zo? Ko ɗaya ban iya amsawa ba.

Daga nan ya shiga ba ni labarin yadda ake cinikin doki a kasuwa irin ta Maigatari, wadda take ci ranar Alhamis. Ya ce ba a haɗa mai saye da mai sayarwa su biyu kawai, sai da dillali a tsakani. La'adar da ake ba dillali kuwa kuɗin sunansa ne, domin shi ya san daga hannun wa dokin ya fito, shi zai tabbatar ba na sata ba ne, shi kuma za a kama in aibi ya bayyana bayan kwana biyu. Dillali yana nan mako mai zuwa a gindin bishiyar da ka bar shi. Lambar waya kuwa, in ji Baffa, ana kashe ta kafin ka kai bakin titi. Ya ce abin da nake shirin yi shi ne Hausawa suke kira cinikin biri a sama.

Wannan magana ta tuna mini da karatun Risala da muka yi a makarantar zaure. A babin ciniki an halatta sayen abin da ba ya nan bisa siffantawa, amma an hana a sharɗanta biyan kuɗi tun kafin a gan shi, sai fa in yana kusa, ko kuwa abu ne da ba ya saurin canjawa kamar gida ko fili. Dabba tana canjawa tsakanin safe da yamma. Ashe malaman da suka rayu fiye da shekara dubu da suka wuce sun riga sun hango mai neman kafin alƙalami ta waya.

Tambaya ta uku ita ta fi tsaya mini a rai, domin Baffa ya sa na ɗauko biro muka yi lissafi. Kullum doki yana bukatar harawa ko ingirici safe da yamma, da dawa ko dusa, da kanwa lokaci-lokaci. A zafin bazara yakan sha ruwa daga lita 25 zuwa 50 a yini, wato jarka ɗaya zuwa biyu. Ga maganin tsutsar ciki, ga gyaran kofato, ga yaron da zai yi masa ciyawa ya share turke alhali ni ina Kano. Ga sirdi da linzami da likkafa da majayi, waɗanda ko ɗaya ba mu da shi. Da muka haɗa bisa farashin wannan bazarar, sai muka ga kafin shekara ta zagayo cinsa kaɗai ya haura kuɗin sayensa. Doki kuwa yakan yi shekara 25 zuwa 30 a duniya, kuma bai san ranar da aljihu ya bushe ba.

Duk da haka zuciyata ba ta saduda ba. Baffa ya lura, sai ya ce, "To, gani ya kori ji. Kada ka tura ko kwabo. Jibi mu je tare."

Gani da Ido

Mun sami dokin a wata unguwa ta bayan garin Kano, ɗaure a wani kango. Mai shi saurayi ne sa'ana, ya riga ya ɗaura masa sirdi da jalalar nan ta cikin hoto. Bayan gaisuwa Baffa ya ce, "Samari, sauke masa kayan nan mu gaisa da shi." Da aka sauke sai ga haƙarƙari a jere ana iya ƙirgawa, ga kuma tabon farin gashi biyu a gadon baya, alamar tsohon gyambon sirdi.

Baffa ya shafa wuyansa yana yi masa magana a hankali, ya sa hannu ya buɗa leɓɓansa, ya kira ni in matso. Ya ce doki yana zubar da haƙoran nono na gaba bibbiyu, yana ɗan shekara biyu da rabi, da uku da rabi, da huɗu da rabi, in ya kai biyar bakinsa ya cika. Na ɗan shekara shida gajeru ne, na sama da na ƙasa suna haɗuwa a miƙe. Na wannan kuwa sun yi tsawo sun karkato gaba. Ya nuna mini wani ɗan kwari a jikin haƙorin gefe na sama, wanda yakan ɓullo daga dasashi wajen shekara goma, ya kai rabin haƙori wajen sha biyar. Na wannan ya wuce rabi. Daga baya wani abokina mai karatun likitan dabbobi ya gaya mini haka yake a littattafansu, Baffa kuwa ko aji ɗaya bai taɓa shiga ba.

Sai ya sa aka ja dokin da sassarfa a kan tsandauri. Ya ce in bar kallon ƙafa, in kalli kai. Duk sa'ad da ƙafar gaba ta hagu ta taka ƙasa sai dokin ya ɗaga kai sama, domin ya rage mata nauyi. Ɗingishi ne wanda hoto ba zai taɓa nunawa ba.

Na ɗauka Baffa zai yi faɗa. Sai kawai ya dubi saurayin ya ce, "Kai ma haka aka sayar maka da shi, ko?" Yaron ya sunkuyar da kai. Ya ce bara ya saye shi, shi ma a waya ya gani, shi ma ɗan shekara shida aka ce masa. Ya sayar da babur ɗinsa ne bisa lissafin zai riƙa ba da haya lokacin hawa da bukukuwan angwanci. Sai aka hana hawa a Kano a Babbar Sallar 2024 saboda rikicin sarauta, aka sake hanawa a Ƙaramar Sallar 2025, ga hatsi ya yi tsada. Yanzu shi da dokin suke raba abin da ya samu a ɗinki, kuma mahaifiyarsa ta ce ko dai doki ya bar gidan ko shi. Da na tambaye shi mutum ukun da suke kan layi, sai ya yi murmushin kunya.

A nan ne jikina ya yi sanyi. Na je ne ina tsoron haɗuwa da ɗan damfara, sai na tarar da mai irin burina wanda ya riga ni da shekara guda. Na hango kaina baɗi war haka, ba rajista, ba kundi, ina lulluɓa wa tsohon doki jalala ina neman wanda zan ɗauki hoto in yaudara. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Baffa bai tafi haka nan ba. Ya nuna wa yaron yadda zai duba kofaton, ya ce ya kira likitan dabbobi, ya daina ɗaura masa sirdi. Ya kuma shawarce shi ya kai shi hannun dillali ya faɗi shekarunsa na gaskiya, ko da zai faɗi a kuɗi, domin akwai masu neman tsohon doki mai sanyin hali saboda koya wa yara hawa.

Kammalawa

A mota muna komawa na tambayi Baffa ko kakanmu ya yi baƙin cikin rabuwa da akawal ɗinsa. Ya ce ƙwarai kuwa, kwana uku bai fita zaure ba. Amma ya sayar da shi tun yana da ƙiba, ga mutumin da ya tabbatar yana da rumbu, domin ya ce ba zai tsaya a tambaye shi haƙƙin dabba ranar gobe ba. Ashe turken da nake kallo a matsayin abin kunyar gidanmu, da gangan mai shi ya bar shi haka.

Ban ce kada kowa ya nemi doki a intanet ba, domin waya ta sauƙaƙa haɗuwar mai saye da mai sayarwa. Abin da nake jan hankalin 'yan'uwana a kai shi ne, kada kuɗi ya riga ido zuwa, kada a je ba tare da wanda ya san bakin doki ba, kuma a fara lissafi daga harawa kafin a zo kan farashi. Araha dai ba ta ado, kuma duk dokin da aka karyar da kuɗinsa akwai dalili, ko a bakinsa, ko a ƙafarsa, ko a rumbun mai shi.

Na biya rajistata, kundina kuma a kan sunayen dawaki da kayan hawa nake rubuta shi, Baffa ne babban mai ba ni bayani. Da damina ta faɗi na shuka wake a gefen masara, na ɗaure harawar na ɗora a kan rumfa. Baffa ya ce in na yi shekara uku ina tara wadda za ta kai doki tun daga kaka har faɗuwar ruwa, shi da kansa zai raka ni Maigatari ranar wata Alhamis.