Zancenmu Ya Ƙetare Teku, Ya Bar Gida

Mu Hausawan N'Djamena ma'abota rediyo ne. A majalisun shayi na sha jin dattawa suna feɗe siyasar Birtaniya dalla-dalla: yadda jam'iyyar Labour ta kayar da Conservative ranar 4 ga Yulin 2024 bayan shekara 14 tana mulki, da yadda Rishi Sunak ya amince da kayen, ya sauka washegari. Amma da zarar zance ya juyo kan siyasar Chadi, sai murya ta yi ƙasa, wani ya ce, "Mu dai 'yan kasuwa ne."

Wannan shirun yana damuna. Ranar 29 ga Disamban 2024 aka zaɓi majalisar dokokinmu, karon farko tun 2011. MPS ta lashe kujeru 124 cikin 188, jam'iyyar Succès Masra kuwa ta ƙaurace wa zaɓen. A wannan zauren ake amincewa da harajin da ɗan kasuwa zai biya, da kasafin da za a tari ambaliyar kogin Shari da shi.

'Yan'uwa, mu san ɗan majalisar mazaɓarmu kamar yadda muka san Keir Starmer, mu kuma kai masa kukanmu da bakinmu.