Ɗan Kunnen Inna



Bayan harin da aka kai Masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014, na'urar binciken ƙarfe ta hannu ta yawaita a ƙofofin masallatai. Irinta na saya a kasuwar Sabon Gari, tsohuwa, saboda ɗan kunnen zinare na Inna da ya faɗi a gonarmu ta Toranke lokacin roron gyaɗa. Gadon mahaifiyarta ne. Ba ta yi kuka ba, sai dai ta daina sa ɗayan.

Mai karatu ya sani, an ƙera wannan na'ura ne don laluben aljihu, ba ta jin abin da ƙasa ta binne. A cikinta akwai naɗin wayar tagulla da ke fitar da maganaɗisu. In ƙarfe ya kusanto sai ya dagula shi, ita kuma ta yi ƙara. Na kwance naɗin, na yi wani mai faɗi a jikin murfin bokiti, na sauya kafasita don su dace, na liƙa abin murɗa murya na tsohuwar rediyo domin daidaita jinta. Sau biyu dalma tana ƙona ni. Daga baya na gane faɗin naɗi yana ƙara zurfi amma yana tsallake ƙananan abubuwa, dole na rage shi. Inda kuma akwai marmara, kuka take yi ba dalili, don ƙasar kanta tana ɗauke da ƙarfe.

Kwana tara ina tono ƙusoshi da marafan kwalba, har da kobo mai huda na zamanin Turawa. Rana ta goma, kusa da hanyar da mata ke bi zuwa rijiya, sai ga ɗan kunne na zinare. Ba na Inna ba ne, amma ya yi kama da shi ƙwarai, idonta kuwa ya yi rauni.

Na san hukuncin tun ina gaban malam: wannan ba dafinar mutanen dā ba ce da ake fitar wa humusi, tsintuwa ce, cigiyar shekara guda take bukata. Duk da haka, Allah Ya yafe mini, na kai mata ban ce komai ba.

Ta jujjuya shi a tafin hannunta, ta ce, "Kai ɗan nan, nawa yana da lanƙwasa a ƙugiya. Kai wa liman a yi cigiya."

Wata bakwai ke nan yana cikin gwangwani a ɗakina, ba wadda ta zo. Na Inna kuwa yana gona. Ina jira a kwashe dawa in koma.